Neman Aure a Allunan Sarwa da Ƙoren Kocas: Wata 'Yar Tsokaci

Manazarta da yawa, in sun ga saurayi da budurwa a zanen mutanen tsaunukan Andis na ƙasar Peru, sukan ce ga soyayyar gargajiya tsantsa. Wannan hukunci yana bukatar a sake dubansa, domin abubuwa biyu ne ake haɗawa waɗanda asalinsu ba ɗaya ba.

Mu fara da allunan Sarwa, wani gari na masu jin harshen Kecuwa a jihar Ayakuco. Asalin allon nan doguwar itaciya ce da ake shafe wa farar ƙasa, a yi zane a kanta, sa'an nan amini ya kai wa ma'auratan da suka gina sabon gida, a kafa ta a jikin rufi daga ciki. Daga ƙasa ake karanta ta zuwa sama: waliyyiyar garin a gindi, sai masu gida, sai dangi ɗaya bayan ɗaya, kowa da sana'arsa, rana kuwa a can ƙoli. Abin lura shi ne babu zance a ciki, babu satar kallo. Aure a nan bashi ne na zumunci, watau wa ya taya ka aiki, wa kuma za ka taya. Mai neman bege a wannan allo ya ɓata lokacinsa.

Amma da 'yan Sarwa suka yi ƙaura zuwa Lima, suka fara nuna aikinsu a 1975, har Primitivo Evanán Poma da abokansa suka kafa ƙungiya a 1982, sai allon ya gajarta, ya koma na rataye a bango, ya shiga ba da labarin al'adu ga baƙo mai saye. To a irin wannan zane ne samartaka ta sami fili. Ba ƙarya aka zana ba. Al'adun suna nan: saurayi ya fizge mayafin yarinya, ko ya jefe ta da tsakuwa a wurin kiwo, iyaye su tafi neman aure da ganyen koka da giya. Sai dai wanda ake yi wa bayani ya sauya, daga ɗan gida zuwa bare, kuma mai yi wa bare bayani yakan zaɓi abin da zai ba da sha'awa.

Ƙoren Kocas, kusa da Wankayo, sun fi burge ni. Masassaƙi yakan bi jikin ƙwarya da tsinin ƙarfe, ya jera haɗuwa da biki da girbi suna kewayawa, dole mai kallo ya riƙa juya ta kafin ya kai ƙarshen labari. Ƙwaryar da muka sani a ɗakin amaryar Hausa ado ne na layuka da siffofi. Wannan kuwa tana ɗauke da mutane, ƙanana ƙwarai, wani lokaci sai an matso da ido. Illarta ita ce cunkoso: masoyan sukan ɓace a tsakanin makaɗa da dabbobi da 'yan rakiya, har mutum ya rasa wanne ne angon.