Jigon Mutuwa da Makomar Rai a Littafin René Bazin a Kan Charles de Foucauld

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin harshe da adabi yakan ci karo da rubutun da ya tsiro daga wata aƙida wadda ba tasa ba. A irin wannan hali ake gane matarkin ƙwarai, domin aikinsa shi ne ya fara fahimtar abin da marubuci yake nufi bisa ma'aunin marubucin, sannan ya auna ko ya isar da saƙonsa da gaskiya ko ya karkata. Wannan takarda ta ɗauki littafin da marubucin nan na Faransa, René Bazin (1853-1932), ya wallafa a 1921 mai suna Charles de Foucauld, explorateur du Maroc, ermite au Sahara. Za a dubi yadda ya sarrafa jigon mutuwa da makomar rai bisa aƙidar Kirista, a fito da inda ya yi ƙarfi da inda ya yi rauni, daga nan a taɓo matsalolin da mai fassara irin wannan matani zuwa Hausa zai fuskanta.

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Tauraron Littafin

An haifi Charles de Foucauld a Strasbourg ranar 15 ga Satumba, 1858. Ya yi aikin soja, ya kuma zagaya Maroko tsakanin 1883 da 1884 cikin shigar Bayahude. A 1886 ya koma ga addinin Kirista bayan shekarun da ya yi yana shakka. Ya zauna Nazarat daga 1897 zuwa 1900, aka naɗa shi fada a 1901, ya tafi Béni Abbès a Aljeriya. A watan Agusta na 1905 ya sauka Tamanrasset, ƙasar Buzayen Ahaggar, lokacin tana ƙauyen da bai wuce gida ashirin ba. Yau babban gari ce, kuma zango ce ga Hausawan da ke bin hanyar Kano, Damagaram, Agadas da Arlit zuwa arewa.

A shekara goma sha ɗaya da ya yi can, Buzu ko ɗaya bai bi addininsa ba. Abin da ya bari shi ne aikin harshe: ƙamus na Tamahak da Faransanci mai juzu'i huɗu da shafi fiye da 2,000, wanda aka buga a 1951 da 1952, da kuma waƙoƙin Buzaye masu layi wajen 6,000 da suka fito a 1925 da 1930. Ranar 1 ga Disamba, 1916, wasu mahara masu alaƙa da yunƙurin Sanusiyya suka kama shi a ƙofar ganuwar da ya gina, wani yaro da aka sa gadinsa ya harbe shi. A cikin watan ne kuma Kawusan ya yi wa Agadas ƙawanya, abin da ke nuna irin wutar da ke ci a Sahara a lokacin.

3.0 Aƙidar da Littafin Ya Ginu a Kai

Ba za a fahimci Bazin ba sai an san abin da ɗan Katolika ya yarda da shi game da rai. A koyarwarsu, da zarar mutum ya cika ake yi wa ransa shari'a ta kansa shi kaɗai. Fafaroma Benedict na XII ya tabbatar a 1336 cewa ran tsarkakakke yana ganin Allah tun kafin ranar tashin matattu. Makoma uku ce: sama, ko gidan wuta, ko wani hali na tsarkakewa da Faransanci ke kira purgatoire. Wannan na ukun na waɗanda suka riga suka tsira ne amma da sauran dauɗar zunubi a tare da su, kuma addu'ar masu rai tana amfanarsu. Majalisar Florence ta 1439 da ta Trent a 1563 sun jaddada haka. A ƙarshen zamani kuma sai jiki ya tashi ya haɗu da rai, a yi shari'ar gaba ɗaya.

Ba dukkan Kirista suka tafi a kan wannan ba. 'Yan Furotesta, tun daga rikicin da Martin Luther ya tayar a 1517, sun yi watsi da batun tsarkakewa bayan mutuwa, kuma littafin Makabiyawa na biyu da Katolika ke kafa hujja da shi ba ya cikin Littafi Mai Tsarki nasu. Yawancinsu suna ganin rai yana wucewa kai-tsaye zuwa ga Almasihu ko zuwa ga hukunci. 'Yan Adbentis kuwa suna ganin matacce yana cikin barci ne har ranar tashi. Cocin Otodoks na yi wa matattu addu'a ba tare da karɓar bayanin Katolika ba. Abin da ya haɗa su duka shi ne imani da tashin matattu. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga ɗalibi, domin Kiristocin ƙasar Hausa da yawa 'yan ECWA ne ko Angilika ko Baftis, saboda haka abin da Bazin ya ɗauka sananne ne zai iya zama baƙo a wurinsu.

4.0 Warwarar Jigo

4.1 Mutuwa a Matsayin Buri

Bazin ya tsara littafin ta yadda kowane babi ke tura mai karatu zuwa ga daren 1 ga Disamba. Yana da abin dogaro, domin tun a Nazarat a 1897 Foucauld ya rubuta wa kansa tunatarwa cewa ya sa ran mutuwar shahada, a ƙasa, cikin jini. Da yake marubucin ya yawaita kawo wasiƙu da rubuce-rubucen tauraronsa, mai karatu yana jin muryar mutumin da kansa, kuma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Wannan shi ne babban ƙarfin littafin. Labarin hafsan Faransa da ya iso bayan mako uku ya tsinci ɗan mazubin gurasar jibin Ubangiji a cikin rairayi shi ma ya yi aiki a matsayin alama: abin da aka yar a ƙasa bai halaka ba. Ya yi daidai da misalin ƙwayar alkama na Linjilar Yahaya, babi na 12, wadda sai ta mutu take ba da 'ya'ya.

4.2 Zumunci Tsakanin Rayayyu da Matattu

A tunanin Foucauld mutuwa ba ta yanke zumunci. Lokacin da ƙanwarsa Marie ta rasa jariri a 1900, ya yi mata ta'aziyya da cewa yaron da aka yi wa baftisma ya riga su shiga sama, ya zama mai roƙa wa iyalinsa. Bahaushen da ya saba jin ana cewa yaron da ya rasu zai ceci iyayensa zai ga kamanni a nan. Sai dai tushen ya bambanta, domin a wurin Foucauld baftismar ce ta buɗe ƙofar. Makomar jaririn da ba a yi wa baftisma ba ta daɗe tana damun malaman Katolika, har a 2007 wani kwamitin malamai na fadar Fafaroma ya bayyana cewa akwai dalilin sa zuciya ga cetonsa.

4.3 Makomar Wanda Ba Kirista Ba

Nan ne jigon ya fi nauyi. Mutumin da ya yarda cewa ceto ta hanyar Almasihu yake, yana zaune cikin Musulmi waɗanda a farkon 1908, da ciwo ya kwantar da shi cikin fari, suka bi rugage suna nemo masa nonon akuya. Ina yake ganin makomarsu? Su kuma ina suke ganin tasa? Bazin ya kawo wasiƙar ta'aziyyar da Musa ag Amastan, sarkin Ahaggar, ya aika wa ƙanwar mamacin, inda ya nuna rashin na kowa ne, ya roƙa masa rahama, ya kuma yi fatan su haɗu da shi a Aljanna. Akwai kuma ruwayar wani likitan soja ɗan Furotesta mai suna Dautheville, wadda manazartan baya suke yawan kawowa, cewa Foucauld ya gaya masa yana da yaƙinin Allah zai karɓi kowa daga cikinsu, har da Buzaye Musulmi, in ya cancanta. Cocin Katolika ta sa Musulmi a fili cikin zancen shirin ceto ne a 1964, a Majalisar Batikan ta Biyu, wato kusan shekara hamsin bayan rasuwarsa.

5.0 Raunin Littafin

Rauni na farko shi ne marubucin ya san ƙarshen labari, sai ya karanta dukkan rayuwar da idon wannan ƙarshe. Mai karatu yana rufe littafin da jin cewa an kashe Foucauld ne saboda addininsa. Amma shaidar mutuwar ta dogara sosai a kan mutum ɗaya, Paul Embarek, wanda bayaninsa ya riƙa sauyawa. Antoine Chatelard, a littafinsa na 2000 kan wannan mutuwa, ya jera ruwayoyin ya gwama su. Abin da masana tarihi suka fi karkata a kai shi ne maharan sun so su yi garkuwa da shi ne su kwashe makaman da ke cikin ganuwar, yaron kuma ya firgita da ya hango sojojin raƙuma biyu. Ita kanta coci ba ta bi ta hanyar shahada ba. Ta dogara da nagartar halinsa da mu'ujizar da aka danganta masa lokacin da aka sa shi cikin masu albarka ranar 13 ga Nuwamba, 2005, da lokacin da Fafaroma Francis ya ayyana shi waliyyi ranar 15 ga Mayu, 2022.

Na biyu, Bazin ya ɗauki mulkin mallakar Faransa a matsayin alheri ba tare da tambaya ba. Foucauld aminin Janar Laperrine ne, yana rubuta wa hafsoshi labarin abin da ke gudana a yankin, kuma a wasiƙar da ya aika wa Bazin a Yulin 1916 ya ɗaure zama Bafaranshen gaske da karɓar addinin Kirista. Matarkin da ya tsallake wannan bai yi wa Buzaye adalci ba.

Na uku, an danne muryar Buzaye. Wasiƙar Musa ta shigo ne a matsayin shaidar yabo ga tauraro, ba a tsaya an tambayi me Aljanna take nufi a bakin Musulmin da ya yi tarbiyya a hannun Shehu Bay na Kunta ba. Sai a 1975 Ali Merad, masani ɗan Aljeriya, ya dubi Foucauld daga mahangar Musulunci. Haka kuma aikin ƙamus, wanda ya ci mafi yawan lokacinsa tare da mataimakinsa Ba-Hammu, bai samu gurbin da ya dace da shi ba. Duk da haka littafin ya yi tasiri, domin karanta shi na cikin abin da ya zaburar da René Voillaume ya kafa ƙungiyar Ƙananan 'Yan'uwan Yesu a 1933.

6.0 Matsalar Fassara Zuwa Hausa

Kalmomin lahira na Hausa yawancinsu daga Larabci suka zo ta hanyar Musulunci, kuma kowace tana ɗauke da kayanta. Masu fassarar Littafi Mai Tsarki, tun daga aikin Dokta Miller da abokansa da ya fito a 1932, sun yi fama da wannan. Ga wasu misalai.

Kalmar âme tana iya jan ɗalibi zuwa rai, ruhi ko kurwa. Kurwa ta fi zama a zancen maita da tsoro, don haka ba ta dace ba. Ruhu kuma a bakin Kirista yakan tuna masa Ruhu Mai Tsarki. Rai ce ta fi kusa.

Purgatoire ba Barzahu ba ce. Barzahu zaman jira ne na kowane mamaci, nagari da mugu, tare da tambayar kabari. Waccan kuwa ta waɗanda suka tsira ce kaɗai. Ba kuma La'arafi ba ce. Bayani irin “halin tsarkakewa bayan mutuwa” ya fi aminci ko da ya fi tsawo.

Ciel a bakin Foucauld sama ce, kamar yadda Kiristocin Hausa suke faɗa, inda ni'imar ita ce ganin Allah. Paradis a wasiƙar Musa kuwa Aljanna ce. Wanda ya fassara su da kalma ɗaya ya shafe tazarar da ta sa wasiƙar ta zama abin mamaki.

Martyr da shahidi sun yi tarayya a asali, domin a Girkanci da Larabci duka daga ma'anar shaida suka fito. Sai dai sharuɗɗan samun matsayin sun bambanta, kuma an ga a sama cewa coci ba ta ba Foucauld shi ba.

Harshen Buzaye ma yana da darasi. Masana sun nuna cewa kalmarsu ta mala'ika ta fito daga angelus na Latin, ta zunubi daga peccatum, sunan Babbar Salla kuma, tafaske, daga pascha. Kalmomin da suka shigo ta hanyar Kiristocin Afirka ta Arewa na dā yau Musulmi ke amfani da su da ma'anar Musulunci, kamar yadda Kiristan Hausa ke amfani da Firdausi da ma'anarsa.

7.0 Kammalawa

Littafin Bazin ya yi nasarar nuna yadda ɗan Katolika yake kallon mutuwa, amma ya gaza wajen bayanin dalilin kisan, da batun mulkin mallaka, da sauraren mutanen da tauraronsa ya zauna cikinsu. Ya kamata a karanta shi tare da Merad da Chatelard. Ga ɗalibin fassara kuwa, a ƙasar da Musulmi da Kirista suke zuwa ta'aziyyar juna da harshe ɗaya, kuskuren kalma ɗaya na iya sa wa mutum aƙidar da ba tasa ba a baki. Aikin da za a gwada a aji shi ne a rubuta ta'aziyya biyu da Hausa, ɗaya daga Musulmi zuwa ga maƙwabcinsa Kirista, ɗaya daga Kirista zuwa ga Musulmi, sannan a ja layi ƙarƙashin kowace kalmar da ma'anarta ta sauya tsakanin mai rubutu da mai karɓa.