Kilifa ba ta koyar da gyaran fuska

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwanta ya biyo magudanai zuwa gonakin Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam, noma ya daina zama aikin damina kaɗai a wannan yanki. Shinkafa da tumatir suna sa kuɗi a hannun matasa rani da damina, kuma duk inda kuɗi ya zauna, shagon aski na biyo shi. Yaron da aka kai koyo irin wannan shago kan iya riƙe kilifa cikin ɗan lokaci, ya yi saisaye, ya yi tal-kwabo. Amma a zaunar masa da magidanci mai gemu, sai hannu ya fara rawa. Kuskuren ƙeya hula na rufe shi, na fuska kuwa da shi mutum zai shiga masallaci da kasuwa. Shi ya sa nake ganin horon shago bai cika ba muddin ya yar da abin da wanzanci ya sani game da fuska.

Ɗan wanzami da ɗaukar zabira yake farawa. Ya wasa aska, ya jiƙa gashi da ruwa da sabulu, ya daɗe yana kallo kafin a sakar masa kan yaro, gemu kuwa sai can ƙarshe. A wannan jiran ne yake gane cewa gashin gemu ba gefe ɗaya yake kwanciya ba: a kunci yana gangarowa, a ƙarƙashin haɓa da maƙogwaro yana karkacewa. Aska kwanciyar gashi take bi, yatsa yana jan fata. In ta saɓa, ko ta ci ƙasa da yawa, murɗaɗɗen gashin namu sai ya koma cikin fata ya haifar da ƙuraje. Ga manomin da zai koma cikin laka da zufa da feshin magani washegari, wannan ba ƙaramar illa ba ce. Kilifa ba ta koyar da wannan, domin ba ta tilasta wa mai riƙe da ita ya taɓa fata ya ji.

Akwai kuma sanin mutum. Hadisi ya yi umarni a rage gashin baki a bar gemu, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta bayyana cewa abin da ake ragewa shi ne wanda ya rufo gefen leɓe, ba a aske shi ƙwal. Ta kuma kawo cewa Imam Malik bai ga laifin rage gemu ba idan ya yi tsawo ainun. Wasu sun tsaya a kan haka, wasu kuwa ba su yarda almakashi ya kusanci gemunsu ba sam. Saurayi yana son saje mai kaifi kamar yadda ya gani a waya. Mai koyon da bai san ya tambaya kafin ya taɓa ba, zai iya ɓata wa malami tsimin shekaru a shafa ɗaya.

Za a ce ai askar wanzami guda ce take zagaya kawunan unguwa, kuma ta haka ciwon hanta ke iya yaɗuwa. Gaskiya ne, kuma ban ga dalilin kare wannan ba. Sai dai tsabta magana ce ta ƙarfe, reza sabuwa ga kowane mutum ta raba gardama, ƙwarewar hannun tana nan yadda take. Kilifar ma ba tsira ta yi ba, domin haƙoranta na yanka fata wajen fitar da layin saje, kuma ɗan hura mata wutar layita na daƙiƙa biyu ya fi kama da kwantar da hankalin mai jira. A wanke haƙoran, a goge gashi, a jiƙa su da sifirit shi ne aikin, ko da ranar Juma'a ce layi ya kai bakin titi.

Za a kuma ce wanzamai ba sa koyar da bare, sana'ar gado ce. Wannan ya fi ƙarfi a wajen kaciya da ƙaho da cire beli. Gyaran fuska a fili ake yin sa, a inuwar kasuwa, kuma mai shagon da ya tura yaronsa ya zauna gefen tsohon wanzami ranar kasuwa bai rasa komai ba sai cinikin yini ɗaya.