Jikin da Aka Sassaƙa Don Makoki

Yayin da ake yi yanzu shi ne, duk mai gidan motsa jiki ko mai tallar garin gina tsoka a Instagram sai ya liƙa hoton farin mutum-mutumin Girka, ƙirji a buɗe, damatsa murɗe-murɗe, wai ga jikin da za ka samu in ka dage. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin da yawa daga irin waɗannan sassaƙe-sassaƙe don makoki aka yi su. Na yarda, shahararren mutum-mutumin mai jifa da faifan nan na masassaƙi Myron ba na kabari ba ne. Amma tun kafin shi, wannan ƙirar jiki a haikali da makabarta ta yi ƙuruciyarta.

Ga mutum-mutumin Kroisos, wanda ke gidan tarihin ƙasa a Atina. An sassaƙa shi wajen shekara ta 530 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), tsayinsa ya kusa mita 2, ƙafar hagu a gaba, hannaye a dunƙule, da ɗan murmushi. Rubutun gindinsa ya nuna a sahun gaba na yaƙi aka kashe shi. Danginsa ba su sa an nuna rauni ko garkuwa ba, ƙuruciyar da suka rasa suka tsayar a dutse.

Wanda ya fi taɓa ni guntun allon kabarin wani ɗan dambe ne daga makabartar Kerameikos ta Atina. Hanci ya karye, kunne ya kumbura, an ɗaure hannu da igiyar fata, kusan yadda namu 'yan damben ke naɗa kara. Masu talla ba sa ɗaukar wannan, ba ya sayar da kaya.

Kuma harkar ta masu hannu da shuni ce. Marmara tana da tsada, yini a filin kokawa sai wanda wasu ke yi wa noma, bayi kuwa doka ta hana su motsa jiki a can. Allon kabari mai hoton ɗan wasa shela ce cewa mamacin ɗan gidan wane ne. Fahariyar ta yi yawa har Demetrios na Faleron, da ya karɓi mulkin Atina a shekara ta 317 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya haramta manyan gine-ginen kabari. Hatta farin da ake yabawa ba na asali ba ne: fenti aka yi wa sassaƙe-sassaƙen, ja da shuɗi da sauransu, zamani ne ya wanke shi.