Jinjina ga Sarakunan Makaɗan Adar

Tun kafin mawaƙan zamani su san rajista da katin ƙungiya, makaɗan Adar suna da nasu shugabanci, domin Sarkin Makaɗa, wanda sarki ke naɗawa, shi ne wakilinsu a fada, shi ke raba kyautar biki bisa adalci, goro da kuɗi da riga, shi ke sulhunta masu kalangu in sun yi karo a ƙofar ango guda. Albarkacin wannan nizami sana'ar ta tsira da mutuncinta, har birnin Tawa ya yi alfahari da makaɗi Ɗan Gurmu, wanda gasar kiɗan zamani ta 1987 ta ɗauki sunansa, da ƙungiyar Azna ma'abota jita. Lalle Sarakunan Makaɗa sun cancanci yabo, jama'a.