Takardar wankin ciki ba ta san zoɓo ba

Idan likita ya ce za a leƙa babban hanjinka da na'ura mai kyamara, wato kolonoskofi, leƙen kansa da wuya ya kai awa guda. Wahalar tana jajibiri, ranar da za ka wanke hanji mai tsawon kusan mita 1.5 har abin da ke fita ya koma ruwa tsararo.

Maganin da aka fi sani, PEG, tun 1980 ake amfani da shi. A tsohon tsari lita 4 ake sha, wato ledar fiya-wata takwas na ruwa mai ɗan gishiri-gishiri, ga tashin zuciya, ga zawo. Kuma dole ne, domin kyamara ba ta ganin abin da kashi ya rufe. Ƙaramin tsiron da za a cire yau, in ya ɓuya, yana iya zama sankara bayan shekaru. A ƙasashen da aka ƙirga, wankin da bai yi ba yakan kai kusan ɗaya cikin huɗu. Sai a ce ka sake dawowa, ka sake biya.

Inda nake da ja shi ne takardar umarnin. Galibi da Turanci take, abincin da ta lissafa kuma na teburin Ingila ne. Ta ce ka sha "ruwa mai haske". To, koko fa? Kunun zaƙi fa? Fura? Duk ba sa ciki, tunda ba a hango komai ta cikinsu. Zoɓo kuwa jansa na iya kama da jini a kyamara. Wake, zogale da dambu suna barin dusa a hanji. Abin da ya halatta shi ne ruwa, shayi ba madara, da romon da aka tace.

Sannan takardar ta ɗauka kowa na da banɗaki a ƙuryar ɗaki. Ka tuna mai haya a Kawo, gida guda masai guda, yana zarya da buta cikin dare. Ƙa'idar ƙungiyar likitocin leƙa hanji ta Turai ta 2019 ta ce a raba maganin biyu, rabi da yamma, rabi da safe, a gama aƙalla awa 2 kafin aiki. Hakan ya fi wankewa, gaskiya. Amma wanda zai hau mota a tashar Kawo zuwa Zariya da asuba, a ina zai tsaya?

Kafin ka bar gaban likita, ka sa a karanta maka takardar da Hausa, da sunan abincin gidanku. Ka faɗa in kana da ciwon suga ko na ƙoda, ko kana shan ƙwayar ƙarin jini ko mai tsinka jini. In tafiyarka da nisa, ka roƙi layin rana.