Charles Russell: Mai Kukan Mutuwa da Hannunsa a Ciki

Yawancinmu ta finafinan kaboyi muka fara sanin Yammacin Amurka, inda Bature ke kan doki a tsakiya, 'yan asalin ƙasar kuma suna can gefe suna jiran harsashi. Zanen Charles Russell ya girmi waɗannan finafinai, kuma a wurare da dama ya fi su gaskiya.

An haife shi a St. Louis a 1864. Yana ɗan shekara 16 ya tafi Montana, ya shafe kusan shekara 11 yana gadin dawaki da shanu da dare. Sunansa ya fara fita ne bayan mummunan sanyin 1886 zuwa 1887, wanda ya hallaka garkuna masu yawa. Da masu shanu suka aiko tambayar halin da dukiyarsu ke ciki, sai aka mayar musu da ɗan zanensa: ramammen sa, haƙarƙari a waje, kyarketai na kewaye da shi. Matarsa Nancy, wadda ya aura a 1896, ita ta riƙe ciniki har ya zama mai zanen fentin mai da ake rububin aikinsa.

Inda muke ganin gwanintarsa ta kai ƙarshe shi ne babban zanen da ya yi wa zauren majalisar wakilan Montana a 1912, mai faɗin kusan ƙafa 25. An ce ya zana haɗuwar Lewis da Clark da mutanen Salish a 1805. Sai ya cika gaban hoton da mahayan Salish da doguwar ciyawa, duwatsu na bayansu, ya tura Turawan biyu can gefen dama. A fuskar waya, sai ka buɗa hoton da yatsu kafin ka gano su. Da wannan tsari ya nuna wa 'yan majalisar su wa ke da ƙasar da farko.

Sai dai akwai inda muke da ja. Lokacin da ya zana garken ɓauna na hawowa daga kogin Misuri a 1914, an yi kusan shekara 30 da ƙarar da ɓaunar a filayen Montana. Shanun da ya yi gadi su suka gaje makiyayarta. Mutanen da yake zanawa cikin ado da 'yanci kuwa an riga an killace su a keɓaɓɓun yankuna cikin yunwa, kuma wannan rayuwa ba ta cika shiga zanensa ba. Jiya ta fi daɗin ratayawa a falon attajiri.

Ba mu shakkar ƙaunarsa, domin yana cikin waɗanda suka mara wa mutanen Rocky Boy baya har suka samu matsuguni a 1916. Ya rasu a Great Falls a 1926. Tambayar da aikinsa ya bar wa marubutanmu masu begen ƙauyen da ya shuɗe ita ce: ina mutanen ƙauyen suke yau, kuma me ya hana mu rubuta su?