Kyautar da Ke Bayan Biza

Mai ƙaramin guzuri ba ya rasa wurin zuwa a Landan: British Museum, National Gallery da Tate Modern duk kyauta ake shiga. A na farkon na sauka Ɗaki na 25, inda aka jera allunan tagulla na masarautar Benin, waɗanda sojojin Birtaniya suka kwaso a 1897. Jerin ya yi kyau, rubutun bayanin ma bai ɓoye yadda aka same su ba. Sai dai hujjar da ake kafawa, wai a nan duk duniya za ta gan su, ba ta gamsar da ni ba. Ɗan Edo sai ya nemi biza, ya biya kuɗin jirgi, kafin ya ga kayan kakanninsa. Kyautar ta wanda ya iya isa ƙofar ce.